Falmaran ɗin Baban Hafsa

Laraba da dare, Dokki

Yau kayan suka iso daga Scotland: siket ɗin nan mai gida-gida da mazansu ke ɗaurawa, da 'yar gajeriyar kwat, da falmaran. Abokin karatun Baban Hafsa ne zai yi aure nan Alƙahira ran Asabar. Angon ya nace Baban Hafsa ne babban aboki, kuma da kayan ƙasar su angon zai tsaya.

Ni na auna Baban Hafsa kwanaki don a aika awon can. Da na ga inda tef ya tsaya a cikinsa, sai na rage kaɗan kafin in faɗa masa, don kada ransa ya ɓaci. Tun da ya fara shan wani magani yake ƙiba, kuma abin na damunsa.

A falo ya gwada. Kwat ta zauna daidai a kafaɗa, amma falmaran ya ƙi haɗuwa. Da ya matsa, maɓalli ya tsinke ya gangara ƙarƙashin kujera. Hafsa ta fashe da dariya, ni ma na taya ta. Wallahi ban san lokacin da dariyar ta ƙwace min ba.

Ya cire a hankali, ya ce, "Maman Hafsa, ashe har na ƙara haka?"

"Ma'alish, yi haƙuri" kawai na iya cewa.

Gobe zan kai wa tela a Ainu Shams ko zai iya sakin bayan. Amma sai na fara gaya masa ni ce na rage awon. Tuwonsa na nan a rufe, wai ya ƙoshi.