Hotona a Fostar Onarabul

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Baba da mutanen Tarai baki ɗaya. Yaya damina? Allah ya sa gero ya yi kyau.

Ni lafiya lau nake a Sudan. Na ɗan rame, amma zafin garin ne.

Ƙawata Zulaiha ta rubuto mini cewa 'yan majalisa sun zartar da dokar tallafin karatu, har Onarabul ɗinmu ya yi walima a Kibiya, ya buga hotona a fosta, wai 'yar talakan da ya tura karatun likita. Sannunsa da aiki. Wata bakwai ke nan ko sisi bai iso ba. Kitso nake yi wa ɗalibai in ci abinci, makaranta kuma ta ce babu jarrabawa sai an biya.

Kada Inna ta ji wannan. Amma ka hana Baba kai wa Onarabul ragon godiyar da ya tanada, ku sayar ka aiko mini da kuɗin. Idan ya zo neman ƙuri'a, ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi sunana.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Afra'u