Anti Oksidan Ta Ci Ɗinyarmu

Wara, ƙasar Ngaski.

Zuwa ga ɗana Zaharaddeen, masanin duniya.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da kwalaben gwajinka na jami'a. Mu ma ƙalau, in aka cire ɗinyar bakin gona, wadda ka sara da bakinka daga nesa.

Ni aji uku na yi aka gane kaina ya fi dacewa da ɗaukar komar kamun kifi, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Amma kunnena garau yake. Na ji muryar da ka tura wa samarin garin nan ta waya, wai baƙin nan na ɗinya mai rina harshen yara, akwai wata Anti Oksidan a cikinsa, mai hana jiki tsatsa kamar yadda fenti ke kare kwanon rufi. Innarka Balaraba ta wuni tana tambayar 'yar wane gari ce Antin, kuma me ya kai ka wurin wadda ta girme ka. Wannan mun yi dariya, ya wuce.

Ga wanda bai wuce ba. Kafin kasuwa ta zagayo, maganarka ta kai Shanga ta dawo da ƙiba: wai ɗinyata, ɗinyar Ɗanladi, tana hana tsufa, jami'a ta tabbatar. Na san 'ya'yan kake nufi. To, yaushe mutanenmu suka yarda akwai magani a abin da ke da zaƙi? Magani sai sassaƙe da saiwa. Suka zo da gatari da fartanya. Har maƙwabcina Daniel, mai haƙori biyu a baki, na kama shi da ɓawo cike da aljihu.

Sun zagaye ta da sara, sun bar ta tsirara. Ita ce kakanka ya sauke kaya a ƙarƙashinta lokacin da ruwan dam ya cinye tsohon garinmu, ya kuma hana kowa taɓa ta. Na shafe raunin da laka da kashin shanu, na ɗaure da buhu. In ta rayu, na yafe maka rabi.

Kuma wai har kana da idon cewa in aiko maka nunannu ka ƙarasa aikinka.

Naka, uban da bai iya boko ba,
Ɗanladi Mai Koma.

*

Zaharaddeen,

Gaisuwa, tunda addini ya ce a yi. Ya jiki, ya tsatsa?

Ganye ya zube, reshe kana taɓawa yana karyewa. Mai hana tsufa ba a bar ta ta ga nata ba. Daniel ya shanye sassaƙensa, yanzu haƙorinsa ɗaya.

Nunannu babu. Innarka ta ba wani direba ya kawo maka gorar maɗin ɗinya na bara, wanda ta ɓoye don ranar da za ka gama karatu. Da sanina aka ba shi, amma kada ka ce na sauko. Ka auna shi a hankali, babu na bayansa.

Masu itace sun taya gungumen, na kore su. Na wasa gatari na jingine a jikinta. In an ba ku hutu, ka zo ka ƙarasa aikinka.

Innarka na gaishe ka. Ni ina tunani tukuna.

Ubanka dai,
Ɗanladi.