Ranar da Baban Bilki Ya Koma Rijiya

Dakoro, 6 ga Fabrairu 1966

Zuwa ga yayata Ma'u, a Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan kuna lafiya, ke da Alhaji Sa'adu da yara. Kada ki yi wa rubutuna dariya, shekara biyu kacal na yi a karatun manya, amma abin da zan faɗa miki ba na so ya bi ta hannun mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa.

Kin ji labarin rijiyar da ta rufta kusa da Bader Goula bayan kaka. Abin da ba ki ji ba shi ne halin da baban Bilki ya shiga. Su biyu ne a ƙasa, zurfin gaba talatin da biyar, shi da Cindo, abokin aikinsa na shekara goma sha huɗu. Shi an jawo shi da rai, ko ƙwarzane babu. Cindo sai bayan kwana biyu aka tono gawarsa.

Yaya, mutumin da aka maido mini ban san shi ba. Wanda Fulani da Buzaye ke yin tafiyar kwana uku su zo neman ya haƙa musu rijiya, yau ko guga ba ya iya kallo. Ba ya shiga ɗaki, sai dai ya zauna gindin iccen bedi a tsakar gida. Rannan Bilki tana wasa ta zubo yashi daga ƙwarya, yana jin ƙarar ya zabura ya fita da gudu ba takalmi, sai bayan gari aka tsinto shi yana makyarkyata. Liman ya yi masa rubutu, an yi turare, an yi sadaka. Yanzu baffansa Sha'ibu ya ce taɓin hankali ne, a sa masa mari a kai shi ƙauye. Na roƙe shi ya ba ni wata biyu. Ban san abin da zan yi da su ba.

Ki sa mu cikin addu'a. Ki gaida Alhaji.

Ƙanwarki,
Halimatu

Dakoro, 3 ga Maris 1966

Yaya Ma'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso ta hannun mai kamiyo, babbar motar kayan nan, da goron da kika aiko, Allah ya saka. Yaya ciwon ƙafarki?

Ina da labari, kuma ni kaina ban gama gane shi ba. An kawo sabon lokotoro mai duba marasa lafiya a likita, wato asibitin garin nan, Bazabarme ne mai furfura, sunansa Hamani. An ce ya yi karatu a Dakar wajen masu maganin ciwon zuciya da tunani. Maƙwabciyata Kyauta ta matsa mini, na je na same shi. Na zaci zai ce a kawo maras lafiya, sai ga shi da kansa bayan la'asar, ba jaka, ba allura. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa nesa kaɗan da baban Bilki. Wallahi Yaya, har aka kira magariba bai tambaye shi kome ba. Da zai tashi ya ce, ki yafe mini rubuta sunan, “Na'Allah, zan dawo Litinin, in ka yarda.”

Ran Litinin ya tambaye shi yadda ake gane wurin da ruwa yake. Ran Alhamis ya tambaye shi yadda ake ɗaura siminti a bangon rijiya. Ina daga madafa na ji muryar mijina tana bayani, murya da na yi wata uku ban ji ta haka ba. Raina ya ɗan ɓaci, na tare lokotoro a zaure na ce, mu magani muke nema, ba hira ba. Ya yi murmushi ya ce da Hausarsa mai ɗan karkata, “Uwar gida, mijinki ba mahaukaci ba ne. Tsoro ne ya kama shi a rami, har yau bai sake shi ba. Akwai wanda nake ba ƙwaya, shi nasa maganin yana bakinsa. Kuma kada ku daina rubutun Liman, ni da shi mutum ɗaya muke wa aiki.”

A zama na shida ya ce in ja yara mu ba su wuri, don abin da aka faɗa masa ba ya fita. Na tafi gidan Kyauta. Ko daga can sai da na jiyo kukan. Namiji, Yaya, ɗan shekara arba'in da biyar. Na miƙe zan ruga, Kyauta ta riƙe mini zane. Da na dawo na tarar ya yi barci a kan tabarma, da rana tsaka, lokotoro na zaune yana kore masa ƙuda.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da zai tafi sai ya juyo ya ce, “Ke fa, yaya kike?” Tun da abin nan ya faru ba wanda ya tambaye ni. Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai na kasa. Na faɗa masa abin da ko ke na ɓoye wa: cewa wani lokaci nakan ji haushin baban Bilki kamar in tattara yara in taho Maradi. Bai zare mini ido ba. Ya ce duk mai jinya yakan ji haka, kuma gajiya ba rashin so ba ce.

Sai na ji daga gare ki.

Taki,
Halimatu

Dakoro, 9 ga Afrilu 1966

Yayata,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi layya lafiya.

Baban Bilki ya gaya mini da bakinsa abin da ke cin sa, ya kuma yarda in gaya miki. Igiya ɗaya ce a ramin. Da yashi ya fara zubowa, shi ya riga kama ta. Tun ranar yake ganin shi ya kashe Cindo.

Lokotoro bai ce masa ba laifinka ba ne, kamar yadda kowa ke cewa. Tambayoyi ya riƙa yi masa. Ina ka tsaya? Ina Cindo ya tsaya? Numfashi nawa ka ja tsakanin zubowar yashi da ruftawar? Sannan, da izninsa, ya kira Rabo, wanda ke riƙe da igiya a sama ranar, da baffa Sha'ibu, muka zauna mu duka. Rabo ya ce ko ƙiftawar ido ba a yi ba, kuma bangon ta gefen Cindo ya faɗo, da igiya goma ce ma ba za ta kai gare shi ba. Ashe shi ma Rabo tun ranar ba ya cin abinci sosai, yana ganin ya makara wajen ja. Shi da baban Bilki suka dubi juna. Baffa ya tashi a hankali ya fita, bai sake zancen mari ba.

Yanzu wani abu suke yi. Lokotoro ya koya wa baban Bilki jan numfashi a hankali in ƙirjinsa ya ɗaure. Suka fara da guga, ya riƙe shi har zuciyarsa ta kwanta. Bayan kwana uku, igiya. Shekaranjiya sun tsaya taku ashirin daga rijiyar unguwa, jiya taku goma. Lokotoro ba ya tura shi, ba ya kuma barinsa ya gudu tun tsoron yana kan ganiyarsa. Ya ce tsoro in an tsaya masa yakan sauka da kansa. Akwai ranar da abin ya dawo ɗanye, ya kwana biyu bai ce uffan ba. Na karaya, lokotoro ya ce haka tafiyar take.

A gaida yara.

Halimatu

Dakoro, 21 ga Mayu 1966

Zuwa ga Yaya Ma'u, wadda nake so.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku da yadda kuke fama da zafi, ki zauna kafin ki karanta wannan.

Makon jiya baban Bilki ya hau jaki ya tafi Korahane gaida mahaifiyar Cindo, karo na farko. Ya faɗa mata kome, har maganar igiya. Ya ce tsohuwar ta dafa kansa ta ce ta yi ta jiran wanda ya ga ɗanta a ƙarshe ya zo ya ba ta labari.

Rijiyar unguwarmu ta ja baya, dabbobi na kwana da ƙishi, ana neman mai yashe ta. Jiya da hantsi ya ce shi zai shiga. Lokotoro ya ce masa ba dole, ko bai sake shiga rijiya ba har abada ya warke a wurinsa. Ya ce ya sani, shi ke so.

Na tsaya cikin mata da tuluna. Rabo ya ɗaura masa igiya. Baban Bilki ya yi bisimilla ya juya baya, na ga kansa ya ɓace. Igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sannan ta tsaya. Shiru. Aka kira shi bai amsa ba. Rabo ya ce a ja, lokotoro ya ɗaga hannu ya ce a dakata kaɗan, ya durƙusa a bakin rijiyar, bai kira ba, saurare kawai yake. Makiyaya sun fi hamsin a wurin, ko tari ba wanda ya yi. Ni dai na zauna cikin taɓo.

Can sai murya ta taso daga ƙasa, ƙarama, kamar daga wata duniya: “Rabo! Me kake jira? Sako guga!”

Yaya, ban san lokacin da na yi guɗa ba. Guga arba'in na laka ya fitar kafin azahar, ruwa ya ɓulɓulo. Da ya fito ya ce mini shirun nan fatiha ya tsaya yi wa Cindo. Na nemi lokotoro in yi masa godiya, ashe har ya saɓa takalmansa ya koma likita, wai masu allura na jiransa.

Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ban ga ya ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Zama ne, da saurare, da tambaya, Allah ya sa waraka a ciki.

Aikin bai ƙare ba, gobe zai sake shiga. Ina jin tsoro, shi ma yana ji. Amma yanzu muna faɗa wa juna.

Yana gaishe ki, Bilki ma tana gaishe ki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarki,
Halimatu