Rigar Da Aka Ce In Warware

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya, sai dai kewar gida kan hana ni cin abinci.

Albishirinki! Kin san ni, ƙaramar magana sai in ga an tsane ni, in watsar da komai. Likita ta ce lalura ce, ba mugun hali ba, ana koya mana zama da ita, mu masu irinta. Jiya mai shagon da nake ɗinki ta dawo mini da rigar da na ɗinka, ta ce, "Warware ki sake." Har na ɗauki jakata zan tafi. Sai na wanke fuska da ruwan sanyi yadda aka koya mana, na koma kan keken ɗinki.

Ki gaya wa Baba, wannan karon ban bar aiki ba. A saka ni a addu'a.

Ƙanwarki