Telan Layinmu da Tambayoyin Rediyo

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kaka, ina cikin matsala. Kin san ni ke shirya wa gidan rediyonmu tambayoyin gasar Juma'a, kan waɗanda suka ci manyan kyaututtukan duniya. Mako uku ke nan a jere mutum ɗaya ke bugo waya ya cinye: telan nan na bakin layinku. Manaja ya gano ɗan unguwarki ne, ya ce ni nake ba shi amsa a ɓoye. Ya ba ni zuwa Litinin in wanke kaina, ko in bar aikin. A falonki nake rubuta tambayoyin duk Asabar. Wa ke shiga bayan na tafi?

Jikanki.

Zuwa ga maigidana marowaci,

Ina amsawa, ƙafa da sauƙi, tunda sai da ruwa ya kai maka wuya ka tuna da ita. Wa ke shiga falona? Ni da kyanwa, kuma kyanwar ba ta yi makaranta ba. Ka san tela da kunne kamar zomo, rediyo a kan kekensa tun safe. Me zai hana ya san matar nan da ta ci kyautar Nobel sau biyu, 'yarta ma ta ci? Ko wanda aka ba shi ya ce ba ya so? Ko baturen da ya ɗaga kwaɗo sama da maganaɗisu kafin ya ci tasa? Ka binciki abokan aikinka. Mai gajeren wandon nan da ka taɓa kawo mini, idonsa bai kwanta mini ba.

Matarka ta fari.

Kaka,

Ina gaisuwa. Tambayar kwaɗo ba a yi ta ba tukuna. Ta Juma'a mai zuwa ce, ko Manaja bai gan ta ba. A ina kika ji?

Jikanki.

Maigida,

To, ka kama ni, sai ka kira 'yan sanda. Takardun da kake dunƙulewa ka jefa kwando, da su nake hura wuta. Ni kuma ba na sa takarda a wuta sai na karanta, kada sunan Allah na ciki. Haka nake warware su ɗaya bayan ɗaya, in sa tabarau, in yi ta haɗa baƙi.

Tela kuwa wata biyu yana riƙe da rigata. Kullum in je in zauna a bencinsa, shi ya ce gobe, ni in ba da labari. Da na ce akwai yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ta ci kyautar zaman lafiya, har almakashi ya ajiye, ya ce, "Iya, ashe haka kike da ilimi?" Shekara saba'in ba wanda ya taɓa ce mini haka. Ina zan ce masa daga kwandon shara na samo? Wallahi ban san yana buga muku waya ba, munafukin.

Litinin zan zo da kaina, da sandata, da sauran takardun a leda, in tasa tela a gaba. Ka ce wa Manaja ya tanadi kujera mai taushi. In akwai wanda za a kora, ni ce, kuma ba shi ya ɗauke ni ba.

Amma ka sauya tambayoyin Juma'ar nan duka, kada ka bar ko ɗaya. Ranar da na ba da labarin kwaɗo, shagon cike yake.

Kakarka.