Ka Mayar Mini da Danang Bakin Tafki

Semarang, Indonesiya

Zuwa ga ƙanena Sugeng,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya kiyaye hannuwanka daga injinan masana'antar Taichung can Taiwan. Mama na nan da ciwon gwiwarta. Ruwan teku ya sake shigo mana tsakar gida, ya janye. An yi addu'ar arba'in ɗin Danang, maƙwabta sun cika gida, an ci an watse.

Ka san halin ɗana. Wasan intanet ɗin nan da dubban mutane ke yaƙi a cikinsa, shi kamun kifi ya je yi. Ya buɗe mini nawa suna a ciki, ya kai ni wani tafki da ba mai zuwa, ya ce nan ne kaɗai ba a yi masa tsawa. Ƙungiyarsu ta kore shi don ba ya fita yaƙin taron dangi. Shugabansu Yudha, mai kiran kansa Kwamanda alhali uwarsa ke wanke masa kaya, ya ce ba su ajiye mujiya.

Tun da haɗarin babur ɗin nan ya raba ni da shi, nakan shiga in tsaya a bakin tafkin. Wata Lahadi sai sunansa ya kama koriyar wuta, alamar yana ciki. Sugeng, na yi shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa matattu ba su dawowa, amma ranar na rubuta masa ko ya ci abinci. Bai amsa ba. Na bi shi, na tarar da shi a filin yaƙi, tsakiyar waɗanda suka kore shi.

Ranar arba'in Yudha ya zo, bakinsa cike da shinkafata, yana cewa ko wa ke riƙe da sunan Danang a wasan yanzu ya fi na da amfani, wai gara da aka shiryu ko bayan rai. Mama ce ta riƙe mini hannu, da ludayi ya sha.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kai ne, Sugeng: Lahadi kaɗai kake hutu, kuma kai ka buɗe masa wasan tun yana firamare. Na san kewa ce. Na san ɗakinka shiru, kana son muryoyin gida a kunnenka. To ka buɗe naka sunan ka yi ta yaƙi har ka gaji. Amma ba ka da ikon mayar da ɗana mai son jama'a don ba ya nan balle ya ƙi.

Lahadi mai zuwa bayan la'asar ina bakin tafkin. Ka kawo shi, ka ba shi ƙugiyarsa, kada ka rubuta komai. In na gama kallonsa zan ce ka kashe, kuma kada wutar nan ta sake kamawa.

In kun haɗu ka gaida matarka Ningsih da ɗan'uwanmu Harjo. Mama na sa maka albarka.

Yayarka,
Sulastri