Waƙar da Mijina Ke Ji

Yaya,
Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yarana? Ni dai sai a hankali. Wata biyu ke nan ban ga haƙoran mijina ba. In ya dawo daga shagonsa na kafinta, ko garin katakon da ke kansa ba ya kakkaɓewa, sai ya kwanta ya fuskanci bango, yana ta maimaita waƙa ɗaya a waya. Mawaƙin cewa yake, "Ki tafi inda rana take, ɗakina ba taga." Yaya, littafi nawa na karanta? In namiji ya fara haka, ya gama da mace. Har na haɗa akwatina. Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki

Uwar karatu,
Wa'alaikumus salam. Maza kwance akwatin nan kafin in zo in ja miki kunne. Na nemo waƙar na ji har ƙarshe. Ke na san ki, tun baitin farko kika fara kuka. A can ƙarshe mawaƙin cewa yake tashi daga gado ma ya gagare shi, yana tsoron ya zame wa matarsa kaya. Shekara tara ina aiki a asibiti, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Muna da likitan ciwon ranar Laraba. Ki yi masa magana, ban da zubar da hawaye. Allah Ya ba shi lafiya.
Yayarki

Abin ƙaunata,
Sallama, da fatan ka wuni lafiya. Na saka takardar nan a murfin kular abincinka, don in na buɗe baki kuka ke riga ni. Na ji waƙarka har ƙarshe. Ka yafe mini, na zaci korata kake yi, har akwati na haɗa. Ba inda za ni. Ba sai ka yi dariya ba, ba sai ka yi mini hira ba. Yaya ta ce akwai likita ranar Laraba. Za ka je?
Matarka

Gimbiya,
Sallama. Ban sami takardar da zan ba ki amsa a kai ba, sai wannan guntun katako. Akwati kuma? Ni da nake jiran ranar da za ki gaji da ni. Kwana goma ban taɓa zarto ba, zuwa kawai nake in zauna. Ban san me ya same ni ba. Zan je. Amma ki biyo shago ki ɗauke ni, ni kaɗai ba zan iya tashi ba.
Mijinki